Maganin Hawan Jini Mai Haɗi Biyu: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, manomi a ƙasar nan ba shi da hutun rani. In ya girbe shinkafa, ga alkama da tumatir suna jiransa. Cikin manoman nan akwai dattawa da likita ya auna, ya tarar jininsu ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ya sa su shan ƙwaya guda kullum. A kan wani irin ƙwayar ne muke so Hakimai su faɗakar da dagatai da masu unguwa.

Ƙwayar magani biyu ce a haɗe, ana sayar da ita da sunan Tenoretic da wasu sunaye. Na farko, atenolol, yana sassauta bugun zuciya. Wani Bature na Birtaniya, Sir James Black, shi ya fara gano irin wannan magani, har aka ba shi lambar Nobel a 1988. Na biyu, kulotalidon, yana sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Shi ya sa ake shan ta da safe, don kada fitsari ya hana mutum barci.

To, ga inda haɗarin yake. Hawan jini ba ya nuna kansa, mai shi yakan yi shekaru yana jin garau. Sai ya sha magani wata biyu, kuɗi su ƙare ko aikin dashe ya taso, ya ce ai ya warke, ya ajiye. Wannan ƙwaya kuwa ba a barinta farat ɗaya. Zuciyar da ta saba da linzami, in aka zare mata shi dare ɗaya, sai ta zabura, jini ya hau, ƙirji ya ɗauki ciwo, mai tsohon ciwon zuciya ma yana iya rasa ransa. In za a daina, likita ne zai riƙa ragewa sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya manta da ta jiya kada ya haɗa biyu yau.

Abu na biyu shi ne zafin bazara. A watan Maris da Afrilu mai ban ruwa yana wuni cikin rana yana zufa, ga magani kuma yana rage masa ruwan jiki. In ya daɗe a sunkuye ya miƙe da sauri, jiri na iya kwasarsa, kuma jiri a bakin babbar magudana ba abin wasa ba ne. Sai ya riƙa tashi a hankali, ya ajiye ruwan sha kusa. In gudawa ko amai ya kama shi, ko jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, ko bugun zuciya ya gaza 50 a minti guda, a kai shi asibiti ran nan. Kafin azumi kuma ya koma wurin likita a tsara masa lokacin sha.

Mai fuka, watau asma, ba ya shan ta, haka ma mai juna biyu. Mai ciwon suga lalle ya faɗa wa likita, domin maganin yana ɓoye alamun faɗuwar suga. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla ranar kasuwa, irin su dikulofenak, suna karya ƙarfinta, suna kuma wahalar da ƙoda. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa duka a rage su; mutane da yawa ba su ɗauki kanwa a bakin gishiri ba, alhali kuwa tana cike da irin sinadarin da ke ta da jini.

Ana roƙon malamin Hakimi ya karanta wannan takarda a taron dagatai. Wanda bai iya karatu ba ya kawo kwalin maganinsa a duba masa, a rubuta masa ranar da zai ƙare, domin ya je Babban Asibitin Kura ko asibitin da ke kusa da shi tun da sauran ƙwaya bakwai a hannunsa.