Darasi na 18: Libarful, Birnin Bakin Teku

Mu mutanen Jangebe muna nesa da teku. Amma abin da muka noma ya daɗe da sanin hanyarta.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, bayan ta bi ta Gusau. A zamanin Turawa iyayenmu kan kai gyaɗa da auduga da fatu kanti, a auna, a biya su. Sa'an nan jirgin ƙasa ya kwashe kayan, ya bi ta Zariya, ya sauke a Ikko, watau Legas. Daga nan sai jirgin ruwa. Da yawa cikin jiragen nan Libarful suke nufa.

Libarful babban birni ne a ƙasar Ingila, a bakin kogin Mersey, daf da teku. A wancan zamani, can ake sauke auduga a kai masaƙa. Gyaɗa kuwa, matse ta ake yi a sami mai.

Mutane ma ta ruwa suke zuwa Ingila a lokacin. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. Sarkin Musulmi Hassan ya je a 1934, tare da Sarkin Gwandu da Sarkin Kano. A 1951 kamfanin Elder Dempster ya sa wani jirgi mai suna Aureol yana ɗaukar fasinja tsakanin Ikko da Libarful. Tafiyar takan ci kamar mako biyu. A 1974 ya daina zuwa Ikko, don jirgin sama ya karɓe masa mutane.

Yanzu masu yawon buɗe ido su ne suka fi zuwa ta ruwa. Suna shiga manyan jirage masu ɗakunan kwana da na cin abinci. Jirgin yakan tsaya wuni ɗaya a wannan birni, gobe ya wayi gari a wani. In sun sauka Libarful, sukan je kallon tsohuwar tashar Albert, wadda aka buɗe a 1846.

Amma birnin yana da wani tarihi mai ɗaci. Kafin gyaɗa da auduga, mutane aka yi fatauci. Jiragen Libarful sun kwashi baƙar fata fiye da miliyan ɗaya daga Afirka zuwa Amurka da tsibiranta, aka sayar da su bayi. A 1807 Ingila ta hana jiragenta wannan ciniki. A 2007 aka buɗe gidan tarihin bauta a tashar Albert, don kada a manta.

Wanda bai iya karatu ba, in ya je, gine-gine kaɗai zai gani. Wanda ya iya, zai karanta allunan da aka kafa, ya gane cewa cikin dukiyar da ta gina birnin nan akwai gumin mutanen Afirka, har da na manoman Zamfara.

Tambayoyi
1. Ta wace hanya gyaɗarmu ke bi zuwa Libarful?
2. Wane Sarkin Musulmi ya je Ingila a 1934?
3. Me ya faru a 1807?
4. Rubuta waɗannan kalmomi a allonka: teku, jirgi, tasha, tarihi.