Darasi: Yadda Kanada Ta Buɗe Ƙofa Ga 'Yan Gudun Hijira

Kanada na cikin ƙasashen da ake sake tsugunar da 'yan gudun hijira. Yawancin mutanenta baƙi ne ko zuriyar baƙi, amma ta daɗe tana fifita Turawa.

A 1885 ta ɗora wa kowane ɗan Sin mai shigowa harajin dala 50, ya kai 500 a 1903. A 1939 ta ƙi karɓar jirgin ruwa mai ɗauke da Yahudawa sama da 900 da suka guje wa Hitler.

Sannu a hankali aka gyara. Daga 1967 aka koma auna mai neman shiga da iliminsa, sana'arsa da harshen da yake ji. Dokar 1976 kuwa ta ware wa 'yan gudun hijira nasu gurbin.

Yau wanda aka tsugunar yana samun izinin zaman dindindin da isarsa. In ya zauna kwana 1,095 cikin shekara biyar, yana iya neman zama ɗan ƙasa.

Ku kula: guraben kaɗan ne, kuma ba a sayar da su. Duk wanda ya nemi kuɗinku don sa sunanku, ɗan damfara ne. Ku sanar da ofishin sansani.