Shari'ar Scopes: Darasi a Kan Saɓanin Ra'ayi

A watan Yuli na shekarar 1925, aka gurfanar da wani matashin malamin makaranta mai suna John Scopes gaban kotu a garin Dayton na jihar Tennessee, a ƙasar Amurka. Laifin da aka tuhume shi da shi kuwa shi ne koyar da juyin halitta, domin a wannan shekarar majalisar jihar ta haramta wa makarantun gwamnati su koyar cewa ɗan Adam ya samo asali ne daga dabbobi.

To, mene ne juyin halitta? A littafinsa na 1859, Charles Darwin ya bayyana cewa 'ya'yan jinsi guda sukan bambanta da juna, kuma waɗanda siffofinsu suka fi dacewa da muhalli su suka fi rayuwa su hayayyafa. Idan zamani ya yi tsawo, sai jinsin ya sauya. Misali mai sauƙi shi ne sauron da feshin DDT ya daina kashewa: masu juriya ne suka tsira, suka gadar wa zuriyarsu. Masu adawa kuwa sun dogara da Littafin Farawa na Baibul, suna cewa Ubangiji ya halicci kowane jinsi yadda yake.

William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka sau uku, ya tsaya wa masu ƙara, lauya Clarence Darrow kuma ya kare Scopes. Aka yi ta ba'a da gugar zana, jaridu suna rura wuta. Daga ƙarshe aka ci Scopes tarar dala 100. Kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 1927, amma dokar ta ci gaba da aiki har 1967. Kowane ɓangare ya watse yana kan bakansa.

Yanzu mai karatu ya dubi Asa Gray, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard, wanda Kirista ne mai riƙo da addini. Gray ya karɓi hujjojin Darwin, har ya taimaka aka buga littafin a Amurka a 1860, amma ya tsaya a kan cewa akwai nufin Mahalicci a cikin tsarin. Darwin bai gamsu da wannan ba. Duk da haka sun shafe fiye da shekara 20 suna musayar wasiƙu cikin mutunci, kuma a 1877 Darwin ya sadaukar masa da littafinsa na furanni.

Masana kimiyyar halittu a yau sun yarda da juyin halitta saboda shaidun ƙasusuwan da ke cikin duwatsu da na ƙwayoyin gado. Amma ɗalibin da ya ɗaga hannu yana tsoron kada darasi ya taɓa imaninsa, amsa yake bukata, ba dariya ba. Malami ya shimfiɗa hujja, ya nuna iyakar abin da awo da gwaji za su iya tabbatarwa, ɗalibi kuma ya fahimci ra'ayi sosai kafin ya yanke masa hukunci.

Tambaya domin aji: me ya sa Gray da Darwin suka rayu da saɓaninsu, alhali na Dayton ya kai ga kotu?