Darasi Na 14: Kayan Koli da Hatsin Bara

Jama'a, yau za mu koyi kalmomi biyar na Turanci. Dukansu suna magana a kan abubuwa dabam dabam da aka tara wuri ɗaya. Amma kafin mu taɓa na Turawa, bari mu tuna da namu.

Kowa ya san ɗan koli. In ya baje kayansa a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ga allura, ga zare, ga madubi, ga kwalli, ga tsakiya ja da shuɗiya. Kaya iri iri ne, amma kowane yana wurinsa. In ka ce allura, allura zai miƙo maka. Kowa kuma ya san hatsin bara. Almajiri ya bi gida gida, nan a ba shi gero, can dawa, can maiwa, duk ya zuba a jaka ɗaya. Wannan ya gauraya, ba ya rabuwa sai da wahala. Ku riƙe waɗannan biyu a zuci, kayan koli da hatsin bara, don da su za mu auna kalmomin yau.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kalmomin Turawa? Ga dalili. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya. Ta biyo ta Funtuwa da Gusau, a Ƙaura kuwa ta tsaya. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga, yana kawo kayan kanti. Akwatuna da gwangwanaye da kwalabe masu rubutun Turanci su ka yi ta shiga ƙauyukanmu. Yanzu motoci ke kawo su, amma rubutun yana nan. Wanda bai iya karanta shi ba, sai abin da mai kanti ya gaya masa.

Kalma ta farko ita ce assorted. Ana faɗinta kamar asotad. Ma'anarta iri iri, irin na kayan koli. Za ku gan ta a jikin kwalin alewa, ko biskit, ko zare. A ce tela daga Zurmi ya tafi Ƙaura sayen kwalin farin zare don ɗinkin Salla. An miƙo masa kwali a rufe, an rubuta assorted. In ya iya karatu, ya san ba fari kaɗai ke ciki ba, akwai ja, akwai kore, akwai baƙi. Sai ya mayar tun a kanti. In bai iya ba, sai ya kai gida ya buɗe, ga kuɗin mota ya tafi.

Ta biyu mixture, ana cewa mikisca. Ita ce abin da aka gauraya ya zama ɗaya. Takin zamani da aka rubuta wa NPK irin wannan ne, abincin shuka kala uku ne a buhu guda. An fi ganin kalmar a jikin kwalbar magani, kamar na tari. Sau da yawa za ku ga an ƙara kalmomi biyu, shake well, watau a girgiza sosai. Kada ku raina wannan umurni. Wani magani ya kan kwanta a gindin kwalba, kamar yadda fura ke kwanciya a ƙasan ƙwarya in ba a motsa ba. In uwa ta ba yaro ba ta girgiza ba, cokulan farko kusan ruwa ne, na ƙarshe kuwa sun yi ƙarfi da yawa.

Ta uku variety, ana cewa baraiti. Wannan ita ce ta manomi, ku buɗe kunne. Wani lokaci tana nufin yawan abubuwa iri iri. Amma in kun gan ta a jikin buhun iri, tana nufin iri guda tak, mai sunansa da halinsa. A Samaru ta Zariya akwai ma'aikatar binciken aikin gona, inda a ke fitar da irin shuka, a ba kowane suna da lamba. Na gyaɗa SAMNUT, na dawa SAMSORG, na wake SAMPEA. Haruffa uku na farko, SAM, daga sunan Samaru a ka ɗauko su. SAMNUT 24 gyaɗa ce mai saurin nuna, irin wadda ta dace da ƙasar da damina ba ta daɗewa, kamar tamu.

To, me zai faru in ka sayi irin da aka gauraya, mai sauri da mai nawa a tiya ɗaya? A ido duk gyaɗa ce. Sai kaka ta zo, rabin gona ya nuna, rabi bai nuna ba. In ka jira na baya, na farko ya lalace a ƙasa. In ka cire duka, na baya bai yi ƙwaya ba. Shekara guda ke nan ta tafi a kan kalma ɗaya. Saboda haka in za ka sayi iri, nemi wurin da aka rubuta variety, ka karanta sunan da ke gabanta, ka rubuta shi a littafinka.

Ta huɗu hotchpotch, ana cewa hocfoc. Mutanen Amurka su kan ce hodgepodge. Asalinta sunan wani dafe-dafe ne na Faransa, wanda a ke zuba nama da kayan lambu iri iri a tukunya ɗaya. Ita ce hatsin bara na Turawa. Ba a rubuta ta a jikin kaya, don ba yabo ba ce.

Ta biyar doguwa ce, kaleidoscope, ana cewa kalaidosikof. Ba za ku gan ta a kanti ba, amma ni ita na fi so. Sunan wani abin wasa ne da wani masani mutumin Sikotilan, David Brewster, ya ƙirƙiro, ya yi masa rajista a shekarar 1817. Bututu ne kamar gora, da madubai a ciki, da gutsattsarin gilashi masu launi a bakinsa. Ka leƙa da ido ɗaya, ka ga zane kyakkyawa. Ka ɗan juya shi, gutsattsarin su zube, wani sabon zane ya fito. Daga nan Turawa su ka riƙa kiran duk taron launi mai motsi da wannan suna. Wanda ya taɓa hawa bayan babbar mota ya hango kasuwar Shinkafi da hantsi ya ga irinsa: zannuwa da rawuna, jan barkono, farar shinkafa, ƙoren nono, kome yana motsi, abin da ka gani yanzu ba shi za ka gani an jima ba.

AIKI

1. Rubuta kalmomin nan biyar a littafinka, kowace sau uku.

2. Wace kalma ta yi kama da kayan koli? Wace ce ta yi kama da hatsin bara?

3. Me ya sa a ke girgiza kwalbar magani?

4. Ran darasi mai zuwa kowa ya zo da kwali, ko kwalba, ko tsohon buhu mai rubutu daga gida. Za mu nemi kalmomin tare.