Yadda Ake Gano Dalilin Ciwon Cinya a Kan Keke Ta Hanyar Kyamarar Waya

Matashin da ya saba taka keke daga Shanga zuwa Yauri ba tare da ko gezau ba, zai iya sayen keken tsere na gwanjo mai feda irin wadda ke maƙale takalmi, bayan kwana uku ya fara ɗingishi. Sau da yawa ba ƙarfinsa ne ya gaza ba, saitin keken ne bai dace da jikinsa ba. Wayar da ke aljihunsa ta isa ta gano matsalar.

Me ya canza?

Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan feda a 1984, sannan Shimano ya fito da tasa mai suna SPD a 1990. Ana ɗaure wani ɗan maƙali a ƙasan takalmi, da an taka sai ya shige cikin fedar ya kama.

A feda ta gargajiya ƙafa tana da 'yanci. Mutum yakan taka da tsakiyar tafin ƙafa, in ya gaji ya gyara. A sabuwar kuwa gaban ƙafa ne ke kan feda, kuma a wuri ɗaya zai zauna. Mai juya feda sau 80 a minti ya yi juyi 4,800 ke nan cikin awa ɗaya. Ƙaramin kuskure idan ya maimaitu haka, dole jiki ya koka.

Mataki na 1: A ɗauki bidiyo

A jingina waya a gefen keke, daidai tsayin ƙugu, nesa kamar taku huɗu. Wani ya riƙe keken, mai keken ya hau ya juya feda baya-baya. A yi amfani da Slow motion idan kyamarar tana da shi.

Mataki na 2: A auna gwiwa

A tsayar da bidiyon daidai lokacin da feda ta kai ƙasa, a ɗauki hoton allon. A ja layi daga ƙugu zuwa gwiwa, a ja wani daga gwiwa zuwa idon sawu. Manhajojin auna kusurwa suna nan kyauta a Play Store, mai kwamfuta kuma zai iya sauke Kinovea. Abin da masu saita keke ke nema shi ne digiri 140 zuwa 150.

Mataki na 3: A duba inda ke ciwo

- Gaban cinya ko gaban gwiwa: galibi sirdi ya yi ƙasa.
- Bayan cinya: galibi sirdi ya yi sama. Za a ga ƙugu yana rangaji a bidiyon da aka ɗauka ta baya.
- Gefen cinya ta waje: a duba ko maƙalin ya karkatar da ƙafa daga yadda take zama da kanta.
- Saman cinya kusa da mara: yakan zo ne daga yawan jan feda sama da ƙarfi.

Mataki na 4: A gyara kaɗan-kaɗan

Akwai lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, zakaran tseren Tour de France. A auna tsayin ƙafa daga ƙasa zuwa hantsa, a ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu 70.6, wato tazarar tsakiyar inda hannun feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai. A riƙa matsar da sirdi milimita 3 zuwa 5, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗauki hoton saitin kafin a taɓa shi.

Launin maƙali ma yana da ma'ana. A Shimano SPD-SL, ja ba ya barin diddige ya motsa, rawaya kuwa yana ba da digiri 6. Sabon shiga rawaya ya fi masa.

Gargaɗi

Ana cire ƙafa ne ta murɗa diddige waje. A koyi wannan a fili kafin a hau titin da manyan motoci ke bi. Idan kuma cinya ta kumbura, ta ɗauki zafi, ƙafa ta mutu, ko ciwon ya wuce mako biyu duk da gyara, ba aikin waya ba ne. A ajiye keke a nufi asibiti, musamman mai ciwon sikila.