Takunkumin Tattalin Arziki a kan Ƙungiyoyi Masu Ɗauke da Makamai: Nazari daga Lamarin Bompai da na Boko Haram

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake ƙaƙaba takunkumin tattalin arziki a kan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai waɗanda ke samun ɗauki daga ƙetare. An ɗora nazarin a kan misalai biyu da suka shafi Kano: makaman da aka tono a Bompai a 2013, da masu tura wa Boko Haram kuɗi daga Dubai. Maƙalar ta gano cewa tasirin takunkumi ya rataya ne a kan dokar cikin gida da kuma hanyar da kuɗin ke bi.

1.0 Gabatarwa

Asalin kalmar takunkumi a Hausa shi ne abin da ake ɗaure bakin dabba da shi domin a hana ta ci ko cizo. Daga nan kafafen yaɗa labarai suka faɗaɗa ma'anarta zuwa matakin hana wata ƙasa ko ƙungiya ko mutum taɓa dukiyarsa, ko yin ciniki, ko tafiye-tafiye. Wannan aro ya dace da manufar matakin, domin takunkumi ba ya kashe dabba, bakinta kawai yake rufewa. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: yaushe ne takunkumin ke kama bakin da aka nufa?

2.0 Lamarin Bompai

A ƙarshen watan Mayu na 2013, sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka sanar da gano wani rumbun makamai a ƙarƙashin ƙasa, cikin wani gida a Bompai, ƙaramar hukumar Nassarawa, yankin da Kawaji ke ciki. Daga cikin abin da aka nuna wa manema labarai akwai bindigogi ƙirar AK-47 da nakiyoyi da makaman fasa tankar yaƙi. Hukumomi sun danganta makaman da Hizbullah ta Labanan, wadda ke samun tallafin Iran, aka kuma gurfanar da mutum uku 'yan asalin Labanan a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja.

A watan Nuwamba na 2013, kotun ta wanke su daga tuhumar ta'addanci, bisa hujjar cewa dokar Nijeriya ba ta ayyana Hizbullah a matsayin ƙungiyar ta'adda ba. Amma a watan Fabrairu na 2015, Baitulmalin Amurka ya sa wa Mustapha Fawaz da Fouzi Fawaz da Abdallah Tahini takunkumi, tare da kantin Amigo da wurin shaƙatawa na Wonderland da ke Abuja. Ke nan mutumin da kotun gida ta wanke ya wayi gari ba shi da damar mu'amala da bankunan Amurka. Wannan ya nuna cewa takunkumin ƙasa ɗaya yana tafiya ne da ma'aunin siyasarta, kuma ƙarfinsa ya samo asali daga matsayin dala a cinikin duniya.

3.0 Boko Haram da Kuɗin Dubai

Lamarin Boko Haram ya sha bamban, domin an sami daidaiton ra'ayi a kansa. Harin 20 ga Janairu 2012 a Kano, wanda ya haɗa da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ya ci rayuka aƙalla 185. Nijeriya ta haramta ƙungiyar a 2013, Amurka ta sa ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda a Nuwambar wannan shekara, sannan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa mata takunkumi a ranar 22 ga Mayu 2014, makonni kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok. Takunkumin ya ƙunshi riƙe kadarori da hana sayar mata da makamai.

Duk da haka, a ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, aka kashe fiye da mutum 100, kuma a Maris na 2015 Abubakar Shekau ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS. Dalili shi ne ƙungiyar ba ta ajiya a banki da sunanta. Kuɗinta na fitowa ne daga fashi da kuɗin fansa da satar shanu da harajin da take ɗora wa masunta da manoma a yankin Tafkin Chadi.

Inda matakin ya yi tasiri shi ne inda aka bi sawun ɗaiɗaikun mutane. A 2019, kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Nijeriya shida bisa laifin tura dala 782,000 daga Dubai zuwa ga Boko Haram, kuma a Maris na 2022 Amurka ta sa musu takunkumi.

4.0 Tasiri a kan Kasuwancin Kano

Cinikin Kano da Dubai da Saudiyya da Sin ya daɗe yana tafiya a kan amana: ɗan kasuwa ya ba ɗan canji naira a Wapa, wakilinsa ya karɓi kuɗin waje a can. Wannan hanya tana sauƙaƙa wa fatake da alhazai, amma ita ce kuma mai mugun nufi ke fakewa a cikinta. Idan bera da sata, daddawa ma da wari. Saboda raunin sa ido a wannan fanni da makamantansa, hukumar FATF ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairu 2023, kuma a Maris 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Irin wannan tsauri yakan faɗa har a kan ɗan kasuwar da bai ji ba bai gani ba.

5.0 Kammalawa

Misalan biyu sun nuna cewa takunkumi yana kama wanda dukiyarsa ke bi ta banki, yana kuma kuskure wanda ke rayuwa a kan tsabar kuɗi da ganima. Dokar Hana Ta'addanci ta 2022, wadda ta kafa Kwamitin Takunkumi na Nijeriya a ƙarƙashin Babban Lauyan Tarayya, ta rage giɓin da shari'ar Bompai ta fito da shi, tunda ta tsara yadda ƙasar za ta fitar da jerin sunayenta. Maƙalar tana ba da shawarar a riƙa wallafa wannan jeri da ƙa'idojinsa da Hausa, a kuma jawo ƙungiyoyin 'yan canji cikin aikin tantance abokan hulɗa, domin su ne suka fi kowa sanin wanda ke kawo kuɗi da wanda ke karɓa.