DARASI NA 14: MAKAƊA DA MAWAƘAN ƘASAR HAUSA

In ana biki a Yalwan Damai, tun daga nesa za ka ji ganga. In ana gayya a gona, ganga ce ke ƙara wa manoma ƙarfi. Kiɗa ya daɗe a ƙasarmu. A duwatsun Birnin Kudu akwai waɗansu duwatsu masu amo. In an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. A cikin 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gan su kusa da zanen mutanen da, ya rubuta labarinsu. Jikinsu duk ya yi gurbi saboda yawan bugu.

Kowane kiɗa da mai shi. Tambari da kakaki na sarki ne. Kalangu na mahauta ne tun asali. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce. Ƙwarya kuwa ta mata ce a cikin gida.

Hanya biyu ce mutum ke zama makaɗi. Wani gado ya yi, watau ya tarar ubansa yana yi. Wani kuwa haye ya yi, watau shi ya fara a gidansu. Ga labarin waɗansu daga cikinsu.

Musa Ɗanƙwairo na Maradun gado ya yi. Ubansa makaɗin noma ne. Tun yana yaro ya ke bin ubansa gona yana amshi. Da ya girma sai ya koma kiɗan fada da kotso. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Makaɗin fada yana da ubangida. Ubangidan ne ke ba shi doki da riga da hatsi. Shi kuma yana haddace asalin gidan sarauta, ya jera sunayen kakanni cikin waƙa. Ɗanƙwairo ya rasu a cikin 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan.

Mamman Shata haye ya yi. An haife shi a Musawa, ƙasar Katsina, a cikin 1923. Ubansa bai so ya yi waƙa ba, domin a gidansu ana ganin waƙa roƙo ce. Sai ya sa shi tallan goro. Amma yaron ya ƙi barin dandali. Ya ɗauki kalangu, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano. Shata bai tsaya ga ubangida ɗaya ba. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa manomi da attajiri. A cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a cikin 1999, aka binne shi a Daura.

Ɗan Maraya Jos sunansa Adamu. An haife shi a Bukur, kusa da Jos, a cikin 1946. Uwa da uba duk sun rasu yana ƙarami, shi ya sa ake ce masa Ɗan Maraya. Sarkin Hausawan Bukur ne ya riƙe shi. Abin kiɗansa kuntigi ne. Da gwangwanin kifi ake yin sa, a rufe da fata, a ɗaura tsirkiya ɗaya. Ba shi da 'yan amshi, shi kaɗai ya ke kiɗa yana waƙa. Yawancin waƙoƙinsa na talakawa ne da na gargaɗi. Ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba a cika kula da shi ba. Ya yi gargaɗi a kan auren dole da gulma. Ya rasu a cikin 2015.

Barmani Choge sunanta Sa'adatu, mutuniyar ƙasar Funtuwa ce. Kiɗan ƙwarya ta yi, wanda ake kira amada. Ita da 'yan amshinta duk mata ne. A gidan biki da gidan suna ta fara. Ta yi waƙar kishiya da ta haihuwa. Ta kuma yi ta kiran mata su kama sana'a, kada su zauna hannu sake. Ta rasu a cikin 2013.

Mu ma a Jigawa muna da namu. Haruna Uji mutumin Haɗeja ne, kiɗan gurmi ya yi. Waƙar da ya yi wa Jummai ta zaga ƙasar Hausa ta rediyo da kaset.

To, ku dubi mutanen nan biyar. Ɗaya ɗan makaɗi ne, ɗaya uba ya hana, ɗaya maraya ne, ɗaya mace ce, ɗaya ɗan jiharmu ne. Asalinsu dabam, kayan kiɗansu dabam. Abin da ya haɗa su shi ne kowa ya riƙe sana'arsa da gaske, har ya gwanance. Da mutane na raina makaɗi, suna cewa maroƙi ne. Waɗansu ma ba su ba shi aure. Amma ga shi an manta da attajirai da yawa na zamanin Shata, sai waɗanda ya ambata cikin waƙa ake tunawa.

Waɗannan an san labarinsu domin an ɗauki muryarsu, an kuma rubuta tarihinsu. Makaɗin ƙauye kuwa in ya mutu, sau da yawa waƙarsa ta bi shi. Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin gado da haye?
2. Wane kiɗa ne na mahauta, wane ne na maƙera?
3. Don me uban Shata ya hana shi waƙa?
4. Da me ake yin kuntigi?
5. Me Barmani Choge ta ce mata su yi?

AIKI

Ka je wurin wani tsoho a unguwarku. Ka tambaye shi sunan makaɗin noma na zamaninsa, da abin da ya ke kaɗawa. Ka rubuta cikin layi biyar, ka kawo wa malam ran darasi na gaba.